Direban PMIC a Linux: rajista na ba ni tsohuwar amsa, abin da na rubuta kuma baya kamawa

mai_solda:

Assalamu alaikum jama'a, dan Allah masu taɓa kenel ɗin Linux ku zo ku duba min wannan. Ina aiki ne a kan wani ƙaramin bod mai furosesa ta ARM, kenel 6.6 nake ɗorawa, IC ɗin da yake rabon wuta wato PMIC yana zaune a kan layin I2C, wayoyi biyun da furosesa take magana da shi ta kansu, kuma babu direbansa a cikin babban kenel, abin da ke hannuna kawai takardar bayanan IC ɗin ce sai wani tsohon kod da aka rubuta wa kenel na zamanin da, wanda yanzu ko kompayil baya yi. To sai na zauna na rubuta nawa da regmap, tsarin kenel na karantawa da rubuta rajista wato guraben lambobin da ke cikin IC, yadda naga ana yi a drivers/mfd, reg_bits 8, val_bits 8, na sa max_register, na kunna kesh, wato ajiye kwafin lambobin rajista a memori, da REGCACHE_MAPLE tunda shi naga sababbin direbobi suna sawa. probe, matakin da kenel yake haɗa direba da na'urar, yana wucewa lafiya lau, lambar shaidar IC ɗin ma ina karanta ta daidai.

Daga nan ne abubuwa suka cakuɗe. Rajistar da ke nuna ko an jona caja ko ba a jona ba, in na karanta ta cikin direban amsa ɗaya take ba ni kullum, na zare waya na mayar, na sake zarewa, ko gezau, alhali kafin na loda direban in na yi i2cget, umarnin karanta rajista kai tsaye, ina ganin bit ɗin yana canjawa da idona. Sannan in na rubuta sabon boltej a rajistar DCDC, ɓangaren IC ɗin da yake fitar da boltej, regmap_write yana dawo da 0, in na sake karantawa ina ganin sabuwar lambar da na sa, amma in na ɗora mita a kan ƙafar kafasita wutar tana nan inda take bata motsa ba ko kaɗan. Wannan shi ya fi ɗaure min kai wallahi, kenel na cewa an canja, mita na cewa ba a canja ba.

Akwai kuma wani abu, bayan bod ɗin ya tashi da kamar rabin minti sai wifi ya ɗauke ɗif, kuma da ban sa direban ba hakan bata faruwa. Da na koma i2cget in leƙa sai ya ce min adireshin yana busy, i2cdetect kuma UU yake nunawa a gurin, sai na ƙara -f na tilastawa sannan yake yarda.

Tambayata, shin in watsar da regmap ɗin ne in koma i2c_smbus_read_byte_data kai tsaye, ko ma in bar maganar direba gaba ɗaya in rubuta ƙaramin skirif da i2cset da zai saita komai lokacin tashi? Kuma wannan -f ɗin akwai haɗari a cikinsa? Nagode, Allah ya saka da alheri.

tsohon_injiniya:

Wa alaikumus salam ƙanina. Kar ka watsar da regmap, ba shi ne yake da laifi ba, abin da ka gaya masa ne yake bi. Da ka kunna kesh kuma baka ba shi volatile_reg ko volatile_table ba, to ka ce masa kenan duk rajistocin IC ɗin nan babu mai canja su sai kenel. Shi ya sa karatun farko kawai yake fita zuwa layin I2C, ya ajiye amsar, duk wanda ya sake tambaya sai ya miƙa masa ta ajiye. Kamar wanda ya leƙa waje da sassafe ya ga gari garau, ya wuni a ɗaki yana gaya wa kowa babu hadari. Rajistar caja, ta zafin IC, ta ADC, ta matakin batir, ta IRQ wato siginar da IC yake jan hankalin furosesa da ita, duk waɗannan IC ɗin ne da kansa yake canja su ba tare da ya nemi izininka ba, dole ka lissafa su a matsayin volatile. Ka buɗe drivers/mfd/axp20x.c ka ga yadda suka jera axp20x_volatile_ranges, gurin koyo ne mai kyau sosai.

Abin da nake so ya zauna maka shi ne rajistar PMIC ba irin memori bace da zaka zuba lamba ka dawo ka same ta. Kowace da halinta. Akwai wacce karanta ta kawai yana goge abin da ke ciki, irin wannan ita ake sawa a precious_reg domin kar debugfs, tagar da kenel yake buɗewa a leƙa cikinsa, ya taɓa ta da sunan dubawa. Akwai wacce sai ka rubuta mata 1 sannan bit ɗin yake gogewa, rajistocin IRQ na wani PMIC mai suna AXP209 daga 0x48 zuwa 0x4C haka suke. To ka duba abin da zai faru in ka kira regmap_update_bits a kan irin wannan: zai karanto baki ɗayan lambar, ya gyara bit ɗinka, ya mayar da sauran yadda ya same su, sauran kuwa da suke 1 ya goge su kenan ba da saninka ba, wani ya danna makunni ko an zare caja amma labarin ya ɓace kafin direban da abin ya shafa ya ji. Kuma shi regmap_update_bits in ya ga lambar da zai rubuta daidai take da wacce ya karanto baya ma rubutawa, ya dawo maka da 0 abinsa, to in kesh ɗinka tsohuwar lamba ce a ciki ka ga inda ake shan wahala. In kana so a rubuta ko ta halin ƙaƙa akwai regmap_write_bits.

Maganar da ka yi cewa kana sake karantawa kana ganin sabuwar lamba, wannan ba shaida bace ko kaɗan, daga kesh aka ɗebo maka ita. IC ɗin ya amsa ACK, alamar ya karɓi saƙo, a kan layi, direban I2C ya ce an isar da saƙo, regmap ya ajiye lambar, shikenan. Ko IC ɗin ya yi aiki da ita ko ya yar, babu wanda ya koma ya tambaye shi. Mitarka ce mai gaskiya a nan.

Yadda zaka gani da kanka, ka hau debugfs ka shiga /sys/kernel/debug/regmap/ zaka ga folda da sunan na'urarka. Akwai fayil registers da yake zubo lambobin, akwai kuma access, wanda mutane da yawa basa buɗewa, shi yake nuna maka kowace rajista da haruffa huɗu na y ko n: ana karantawa, ana rubutawa, volatile ce, precious ce. Ka ɗora wannan jerin kusa da takardar IC ɗin ka bi su layi layi. Aiki ne mai cin rai amma shi ne ainihin rubuta direban PMIC, sauran duk kenel ya riga ya yi maka. Ni shawarata ma a farkon aiki ka sa REGCACHE_NONE tukunna, komai ya tafi kai tsaye, sai abu ya tsaya da ƙafarsa ka dawo da kesh. A PMIC da ba a yawan taɓawa ribar kesh ɗin ba wata mai yawa bace, inda yake da amfani sosai shi ne gurin canja boltej na furosesa akai akai, domin yana rage maka karatu ɗaya a kowane canji.

Ka tuna dalilin da aka yi regmap tun farko. Mark Brown ne ya shigo da shi a kenel 3.1 a 2011, daga ɓangaren sauti na ASoC aka ciro shi, domin a lokacin kowane direba yana rubuta nasa kod na karatu da rubutu da kulle da kesh, ɗaya na I2C ɗaya na SPI, kuma kurakurai iri ɗaya ake ta maimaitawa. In ka koma i2c_smbus kai tsaye duk wannan kayan zaka sake ɗauka a kanka, ka rasa regmap-irq, ka rasa su regulator_set_voltage_sel_regmap da regulator_enable_regmap waɗanda kawai vsel_reg da vsel_mask da enable_reg da enable_mask zaka cika su yi maka aikin. Kuma ranar da ka tura facin ga masu kula da kenel abu na farko da zasu ce maka shi ne ka mayar da shi regmap.

yar_lantarki:

Malam ya gama da maganar kesh, bari in ɗora a kan boltej ɗin da yaƙi motsi. Ɗan'uwa ka koma takardar IC ɗin ka nemi inda aka yi maganar kariyar rubutu, galibi can ƙarshen bayanin I2C ake cusa shi a sakin layi ɗaya. PMIC da yawa basa yarda a taɓa rajistocin boltej haka kawai, kuma suna da hujja, kuskuren lamba ɗaya zai iya ƙona furosesa ko RAM. Misalin da kowa zai iya dubawa shi ne TPS65217 na TI wanda ke kan BeagleBone Black a adireshi 0x24. Yana da rajistar kalmar sirri a 0x0B, kafin ka rubuta a rajista mai kariya sai ka fara zuba adireshin rajistar da aka yi wa XOR da 0x7D a can, sannan nan take ka rubuta lambarka. Wasu rajistocin ma matakin kariyarsu na biyu ne, sai ka maimaita wannan duka sau biyu a jere. In baka yi ba IC ɗin zai amsa ACK lafiya lau ya yi watsi da abin da ka aika, daidai abin da kake gani kenan.

Shi wannan IC ɗin har wa yau ko ka rubuta sabon boltej na DCDC baya kama aiki sai ka kunna bit ɗin GO a rajistar DEFSLEW. Irin wannan ya yi yawa a duniyar PMIC har regulator_desc yana da apply_reg da apply_bit domin shi. Wasu kuma DCDC ɗaya rajistar boltej biyu gare shi ko fiye, wata ƙafa ce ta IC ɗin take zaɓar wacce ke aiki, kai kana ta rubutu a ta barci alhali ta farke ce take riƙe da wutar. Ka duba ukun nan, da wuya ka rasa ɗaya.

In har kalmar sirri ce, ka kula da yadda zaka shigar da ita. In ka rubuta wani fankshan naka a gefe mai buɗe kulle sannan ya rubuta, to su regulator_set_voltage_sel_regmap basu san da shi ba, kai tsaye zasu wuce. Ni abin da na fi so shi ne a ba regmap_config nasa reg_read da reg_write, a cikin reg_write ɗin ka duba in rajistar mai kariya ce ka aika mabuɗi sannan lambar. Ta haka rubutun biyu suna faruwa a ƙarƙashin kullen regmap guda, babu wani direba ɗan'uwa, na RTC ko na caja, da zai kutso tsakaninsu ya ɓata jerin. Wannan kutsen shi ne irin matsalar da bata fitowa a teburin gwaji sai kaya sun je hannun mutane.

Wifi ɗin da yake ɗaukewa kuwa, wannan ba ɓaci bane, kenel ne yake aikinsa. Daƙiƙa 30 bayan tashi ɓangaren regulator yana bin duk layukan wuta da ya sani, wanda ya samu a kunne kuma babu direban da ya ce nawa ne, sai ya kashe shi. Ka duba dmesg zaka ga sunan layin wutar, wato LDO ɗin, da kalmar disabling a gabansa. Da can butloda ne ya kunna shi kenel bai san da zamansa ba, yanzu da ka yi rajistarsa ya shigo lissafi. Gyaran a fayil ɗin DTS yake, wanda yake bayyana wa kenel kayan da ke kan bod, ka je nod ɗin da wifi yake ka nuna masa layin wutarsa, in SDIO ne vmmc-supply da vqmmc-supply. Na furosesa da RAM da duk wanda in ya mutu bod ya mutu ka sa musu regulator-always-on. Kar ka dogara da regulator-boot-on shi kaɗai, baya hana wannan kashewar. Kuma kar ka bi duka ka liƙa musu always-on don a huta, batir ne zai biya. /sys/kernel/debug/regulator/regulator_summary zai nuna maka waye yake riƙe da wane layi.

Dan Allah kuma kafin gyaran rubutun nan ya fara aiki ka sake duba regulator-min-microvolt da max ɗin da ka sa. Yanzu kariyar IC ɗin ce take rufa maka asiri, da zarar rubutu ya fara kamawa, in boltej ɗin da ke kai ya fita daga iyakar da ka rubuta kenel zai gyara shi tun a probe. Ka lissafa lambobin da hannu. A AXP209 misali DCDC2 daga 0.7V yake farawa yana hawa da 25mV, wato 1.2V lamba 20 ce, 0x14. Naka ka tabbatar mafari da tsani da mask ɗin sun yi daidai, wasu IC ɗin tsanin yana canjawa a tsakiyar hanya, shi ya sa aka yi linear_ranges.

bod_da_waya:

Ni dai a nawa ganin kar a tsorata shi da i2cset. A ranakun farko na tayar da sabon bod babu abin da ya kai shi sauri, kana rubutawa kana kallon mita, a nan take zaka gane ko akwai kalmar sirri ko babu ba sai ka yi ta kompayil kana ribut ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne -f. UU ɗin nan ma'anarsa akwai direban kenel da ya riƙe adireshin, to maimakon ka yi masa ƙarfa ƙarfa ka sauke shi mana, ka zuba sunan na'urar a fayil ɗin unbind na direbanka a ƙarƙashin /sys/bus/i2c/drivers, ko ka yi rmmod in modul ne, ka yi gwajinka, ka mayar. Kuma ka guji i2cdump a kan PMIC in baka san halin kowace rajista ba, shi bai san wata precious ba, duka yake karancewa.

Amma maganar skirif ya zama shi ne mafita ta dindindin, a'a. cpufreq ba zai iya ɗaga boltej kafin ya ɗaga gudun furosesa ba, makunnin wuta ba zai yi aiki ba, poweroff ma ba zai kashe bod ɗin da gaske ba.

tsohon_injiniya:

Haka ne, na yarda da kai a kan gwajin farko, in dai direban a sauke yake. Illar -f ba wai saƙonni zasu yi karo a kan waya bane, wannan kenel yana tsarewa da kullen adafta. Illar ita ce ka canja abu a bayan idon regmap, kesh yana riƙe da tsohuwar lamba, anjima wani update_bits ya zo ya ɗauki tsohuwar ya mayar, kai kana tufka kenel na warwara. Ko a debugfs ɗin ma da gangan aka hana rubutu, babu zaɓinsa a menuconfig, sai mutum ya buɗe regmap-debugfs.c ya kunna REGMAP_ALLOW_WRITE_DEBUGFS da hannunsa, domin sun san abin da rubutu ɗaya a PMIC zai iya jawowa.

Kuma ƙanina tunda maganar waye mai IC ɗin ta taso, ka bincika ko Linux kaɗai ne yake magana da shi a bod ɗinka, domin ba kullum bane haka. A ƙananan kwamfutocin Intel na Cherry Trail masu AXP288, layin I2C ɗin PMIC ana raba shi ne da P-Unit na cikin furosesar, sai kenel ya karɓi izini ta wani semafo kafin ya taɓa layin, in ba haka ba na'urar tana iya sandarewa gaba ɗaya, masanin kenel Hans de Goede ya sha aiki a kan wannan. A Qualcomm kuma PMIC a kan wani layi daban mai suna SPMI yake, akwai mai sasantawa a cikin hadwaya da yake raba wane yanki na wa ne, kuma yawancin layukan wuta ba Linux ne yake rubuta rajistarsu ba, roƙo yake aikawa ga RPM ko RPMh, sassan da ke kula da wuta a cikin cif ɗin, su yi. A ARM mai 64 bit ma sau da yawa famwaya ta TF-A tana taɓa PMIC lokacin tashi ko lokacin kashewa. In akwai irin wannan a gurinka, duk rajistar da wani zai iya canjawa bayan kenel ya tashi ita ma volatile ce, ko da takarda ta nuna ta a matsayin ta saiti.

Game da tsarin direban, kar ka cusa komai a fayil ɗaya. Uwar a drivers/mfd ita ke ƙirƙirar regmap da regmap_irq_chip, ta haifi 'ya'yan da devm_mfd_add_devices, kowane ɗa, regulator ne ko caja ko makunni, ya ɗauki regmap ɗin da dev_get_regmap(dev->parent, NULL). Regmap ɗaya, kulle ɗaya. In IC ɗin baya buƙatar wani shiri na musamman akwai simple-mfd-i2c, amma kai da kake da kalmar sirri naka zaka rubuta. Kuma ka riƙe cewa duk karatu ta I2C yana iya barci, wato ya tsaya jiran amsa, kar ka kira regmap_read a cikin IRQ mai tsauri ko kana riƙe da spinlock, regmap-irq ya riga ya bi ta hanyar zare, ka bar masa.

mai_solda:

Kai jama'a Allah ya biya ku. Na jera volatile ɗin, caja yanzu tana nuna shiga da fita nan take. Yaya yar_lantarki maganarki ta fito, akwai rajistar buɗe kulle a IC ɗin, sai an zuba mata wata lamba kafin kowane rubutu a yankin DCDC, na sa shi a reg_write yadda kika ce kuma mita ta fara bin abin da na rubuta. Wifi ma ya zauna da na sa vmmc-supply.

Saura biyu. In na yi poweroff bod ɗin yana mutuwa amma kafin nan ina ganin dogon gargaɗi a siriyal mai cewa No atomic I2C transfer handler, wani lokacin kuma sai ya tsaya a nan bai mutu ba. Sannan in na sa shi barci na tashe shi da makunni, yana farkawa amma ina samun kuskure -108 daga karatun rajistar IRQ, dannawar kuma bata isa ga manhaja. Malam ko akwai abin da zan duba?

tsohon_injiniya:

Madalla, ka yi ƙoƙari. Biyun nan duk maganar lokaci ce, kana son magana da PMIC a sa'ilin da layin I2C ɗin baya cikin hayyacinsa.

Na kashewa, a matakin ƙarshe na poweroff an riga an rufe IRQ an tsayar da sauran kwakwalen furosesa, direban kwantirolan I2C kuwa yawanci IRQ yake jira ya san saƙo ya tafi, to wa zai tashe shi? Shi ya sa Wolfram Sang ya shigo da master_xfer_atomic a kenel 5.2, hanya ce da direban kwantirola zai aika saƙo yana leƙen rajistarsa da kansa ba tare da jiran IRQ ba. Gargaɗin da kake gani yana gaya maka direban kwantirolan SoC ɗinka bashi da wannan. Ko dai ka ƙara masa, wanda shi ne gyara na gaskiya kuma zai amfani duk mai irin SoC ɗin, ko ka matso da kashewar gaba kaɗan: ka yi rajista da devm_register_sys_off_handler a matakin SYS_OFF_MODE_POWER_OFF_PREPARE, a nan IRQ na nan a buɗe kuma an yarda ka yi barci. Tunda 6.6 kake kai kana da shi, tun 5.19 ya shigo, ba sai ka taɓa tsohon pm_power_off ba. Ka dai tabbatar kwantirolan bashi da shutdown da yake kashe kansa kafin a zo nan, domin ana kiran na na'urori kafin wannan matakin. In kuma PSCI, hanyar da kenel yake roƙon famwaya, ne yake kashe bod ɗin, ka duba da kyau ko ma kana buƙatar naka.

Na -108 kuwa ESHUTDOWN kenan, kenel yana ce maka adaftar tana barci har yanzu. Lokacin farkawa ana buɗe IRQ tun kafin a tashi yawancin direbobi, to zaren IRQ na PMIC yana rugawa ya karanta rajista alhali kwantirolan I2C bai farka ba. Ka duba drivers/mfd/max77686.c ka ga yadda suka yi: a suspend na uwar direban suna kiran enable_irq_wake in an yarda na'urar ta tashi tsarin, sannan disable_irq, a resume kuma su juya, disable_irq_wake sannan enable_irq. Tunda PMIC ɗin ɗa ne a ƙarƙashin adaftar, resume ɗinsa baya zuwa sai nata ya gama, IRQ ɗin yana nan yana jira, ana buɗe shi a karanta lafiya. Ka kuma duba a DTS cewa nau'in IRQ ɗin ya dace da takarda, yawancin PMIC suna riƙe ƙafar a ƙasa ne har sai an goge rajistar, to IRQ_TYPE_LEVEL_LOW zaka sa, in ka sa na edge, mai kama lokacin faɗuwar siginar kawai, kuma aka rasa guda ɗaya ƙafar zata zauna a ƙasa ba zaka sake jin komai ba.

In famwaya tana canja wasu rajistocin lokacin barci, ko IC ɗin yana mayar da wasu zuwa asalinsu, sai ka ƙara regcache_mark_dirty da regcache_sync a resume, amma ka fara gwadawa, ka kwafi fayil ɗin registers kafin barci, bayan farkawa ka kunna cache_bypass ka sake kwafa ka kwatanta su. Kenel zai yi wa kansa alamar taint, wato an yi masa katsalandan, in ka taɓa cache_bypass, a bod ɗin gwaji wannan ba komai. In ka yi ka liƙo mana bambancin da regmap_config ɗinka gaba ɗaya mu duba tare.